"Me Ya Sa Kake Son Aikin Nan?": Bayyana Ƙaimin Aiki a Gaban Kwamitin Ɗaukar Ma'aikata, Nazari Daga Amarawa ta Ƙasar Illela

Tsakure

Da wuya a yi ganawar ɗaukar ma'aikata a tashi ba a tambayi mai neman aiki abin da ya sa yake son aikin ba. Masu tambayar sun ɗauka da ita ake tace mai himma daga wanda albashi kaɗai ya kawo shi. Wannan takarda ta dubi yadda tambayar ke zuwa wa matashin da ya tashi a Amarawa, cikin ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, inda al'ada ta ɗora nauyin faɗin halin mai neman aiki a kan wanda ya kawo shi. An kafa hujja da yadda ake ɗaukar yaro a kasuwar kan iyaka, da koyarwar malaman Daular Sakkwato, da binciken LeVine (1966) da na Gumperz da abokan aikinsa (1979). Matsayin takardar shi ne, tambayar a yadda ake yin ta yanzu iya zancen kai take aunawa, kuma ana iya gyara ta yadda za ta fito da himmar da ake nema.

1.0 Gabatarwa



Ranar 15 ga Maris, 2014, masu neman aikin Hukumar Shige da Fice suka cika filayen wasa a biranen Najeriya. Mutane fiye da rabin miliyan ne suka biya naira 1,000 kowanne, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. An yi turereniya a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aka rasa rayuka fiye da goma sha biyar. A ƙasar da ake mutuwa a layin neman aiki, tambayar mutum dalilin da ya sa yake son aiki tana kama da ba'a. Amma ana yin ta, ana ba ta maki, kuma makin kan raba wanda zai sa kaki da wanda zai koma gida. Don haka ta cancanci a zauna a dube ta.

2.0 Amarawa da hanyoyin neman abinci

Amarawa na dab da garin Illela, 'yar tafiya kaɗan ce tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Rayuwar yankin a kan abu biyu ta tsaya, noma da iyaka. Kasuwar Illela na ci ranar Lahadi, ta Ƙonni ranar Laraba, tsakanin ranakun nan kuwa shanu da raƙuma da tumaki na gangarowa daga arewa, hatsi da kayan masarufi na haurawa. Da wannan zirga-zirga dillalai da 'yan kamasho da 'yan dako da 'yan canji da 'yan kabu-kabu da yaran mota ke ci.

Shekarun baya-bayan nan sun girgiza wannan tsari. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, a watan Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai Disambar 2020 aka buɗe, Illela na cikin iyakoki huɗu na farko. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙamewa har zuwa Maris na 2024. Duk rufewa ɗaya sai ta tura wani rukunin matasa, musamman masu difloma da NCE da digiri daga makarantun Sakkwato, neman aikin albashi: kwastan, shige da fice, koyarwa, asibiti, N-Power da aka fara a 2016, aikin rigakafi, ƙungiyoyin agaji. Kusan duk ƙofofin nan akwai kwamiti a bakinsu. Matashin da ya saba da hanyar kasuwa ta samun aiki sai ya tarar da wata hanya dabam, mai dokokin da ba wanda ya karanta masa.

3.0 Yadda kasuwa ke ɗaukar yaro

Kasuwa ma tana da tata ganawar, sai dai mai neman aikin ba shi ne mai magana ba. Kawu ko baffa ko maƙwabci ne zai riƙo hannun yaro zuwa rumfar maigida. A gaisa, a tambayi gida da gajiya da kasuwa, sannan ya ce, "Alhaji, ga ɗan ƙanena na kawo maka. Ka san ubanai." Maigida ya ɗan dubi yaron da ke tsugune gefe, kai a sunkuye, ya ce, "Shina sallah?" A ce yana yi. "Hannunai fa?" Nan ne mai kawowa zai faɗi maganar da ta fi kowace nauyi: "In yat taɓa maka ko sisi, ni ka biya." Daga farko har ƙarshe abin da yaron zai furta bai wuce gaisuwa da godiya ba. Da zai buɗe baki ya ce shi haziƙi ne mai son aiki, da shi ke nan ya ɓata rawarsa da tsalle.

Wannan bai sa maigida ya ɗauki yaro ido rufe ba. Jarrabawar tana gaba. Yau a aike shi da kuɗi kaɗan a ga canjin da zai dawo da shi. Gobe a bar masa rumfa lokacin sallar azahar. Bayan wata biyu a tura shi Ƙonni da saƙo, inda sai ya juya naira zuwa sefa, ya tuna cewa can da dala ake lissafi, sefa biyar dala ɗaya, jika guda dala ɗari biyu, farashin canji kuma na safe dabam na yamma dabam. Wanda ya fito da asuba ba a tashe shi ba, ya dawo da lissafi cif, an ga himmarsa. Ba a taɓa tambayar sa ita ba.

Tsarin nan tsoho ne. M. G. Smith ya yi bayanin barantaka a nazarinsa na mulkin Zazzau (1960), Abner Cohen kuma (1969) ya nuna yadda fataucin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan ya tsaya a kan amana tsakanin maigida da dillali da yaransu, ana ba da bashin dukiya mai yawa ba takarda. A duk wuraren nan, ƙimar mutum a bakin waɗanda suka yi hulɗa da shi take.

4.0 Kunya da addini

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci. A jerin halayen mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974 akwai gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi, babu iya tallar kai. Yaron da aka rena da cewa kada ya haɗa ido da babba, kada ya riga shi magana, kada ya faɗi alherin da ya yi, shi ne littattafan shirin intabiyu ke ce wa ya kalli shugaban kwamiti cikin ido, ya miƙa hannu, ya lissafa nasarorinsa. Ga 'ya mace abin ya ninka. Yarinyar da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, wadda ta iya karɓar haihuwa da tsakar dare ba fargaba, tana iya zama gaban maza biyar muryarta ta ƙi fita, a rubuta mata "ba ta da ƙarfin gwiwa".

Addini ya ƙara wa wannan kunya ƙarfi. Hadisin Abdurrahman ɗan Samura, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana neman shugabanci, ya nuna wanda aka ba ba tare da ya nema ba shi ake taimaka wa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa, ya sa nisantar kwaɗayin mulki cikin sharuɗɗan shugaba na gari. A ƙasar Sakkwato wannan karatu ya ratsa har cikin zancen yau da kullum, shi ya sa za ka ji wanda ya yi wata shida yana fafutukar muƙami, ranar da ya samu yana cewa, "Wallahi ban nema ba, kira na aka yi."

Sai dai wanda ya tsaya nan bai kai ƙarshen karatun ba. Alƙur'ani ya kawo hanyoyi biyu na samun aiki. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ce ta shaidi Annabi Musa da ƙarfi da amana, bayan ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi. Wannan ita ce hanyar kasuwar Illela. A Suratu Yusuf kuma, aya ta 55, Annabi Yusuf da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya ambaci siffofinsa biyu, tsarewa da sani. Malaman tafsiri, cikinsu har da Ƙurɗubi, sun kafa hujja da ayar a kan halaccin mutum ya faɗi abin da ya iya idan ba a san shi ba kuma akwai bukata. Abin lura, siffofin biyu ne kacal, dukansu aikin taska na bukatar su, kuma sai da ya riga ya fassara mafarkin sarki ya shimfiɗa tsarin tanadin shekara bakwai sannan ya faɗe su. A ganina babu darasin shirin intabiyu da ya fi wannan dacewa da ɗan Amarawa, ga shi kuwa tun yana makarantar allo yake jin ƙissar.

5.0 Tsohon kuskure: LeVine da ma'aunin himma

Ɗaukar shirun Bahaushe a matsayin rashin himma ba yau aka fara ba, har a ɗakin bincike an yi. A 1966 Robert LeVine na Jami'ar Shikago ya fitar da littafinsa Dreams and Deeds, inda ya bi ra'in David McClelland na ƙishin cim ma nasara, ya gwada ɗaliban sakandare maza, Ibo da Yarbawa da Hausawa. Ya sa sun ba da labarin mafarkansu, sun kuma rubuta insha'i a kan mutumin da ya yi nasara da yadda yaro ke zama irinsa. Sakamakonsa ya sa Ibo a sama, Hausawa a ƙasa, ya kuma lura cewa rubutun ɗaliban Hausa cike yake da zancen biyayya da ladabi. Ya danganta haka da tsarin sarauta, inda bara ke ɗaukaka ta hanyar yi wa ubangidansa biyayya.

Abin da LeVine ya gani a takardun yaran gaskiya ne. Fassarar ce ke da gyara. Yaron da ya rubuta cewa ana yin arziki ta hanyar bin maigida da riƙon amana, hanyar da ya ga ana bi ana yin arzikin ya faɗa. A cikin wannan tsarin ne Alhassan Ɗantata ya tashi, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Fataken da suka yi ta taka sayyada daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja saboda goro, waɗanda Paul Lovejoy ya yi tarihinsu a 1980, ba wanda zai ce ba su da ƙishin nasara. Ma'aunin ya kama yadda mutane ke zancen nasara, aka ɗauka ya kama son nasarar. Kwamitin ɗaukar ma'aikata na yau, cikin minti goma, wannan kuskuren yake maimaitawa.

Matsalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A 1979 John Gumperz da Tom Jupp da Celia Roberts suka shirya fim ɗin Crosstalk, wanda BBC ta nuna, a kan yadda 'yan asalin Kudancin Asiya ke faɗuwa a ganawa a Ingila duk da suna jin Turanci. Idan aka tambaye su dalilin neman aikin sai su ba da amsa a kan zahirin tambayar, su faɗi bukatarsu, alhali masu tambayar so suke a nuna an san ma'aikatar, a kuma haɗa burin kai da nata. Roberts da Sarah Campbell sun sake tabbatar da haka a 2006 da ganawowi na gaske da suka ɗauka a bidiyo: har a ƙananan ayyuka, maganar da ake bukata a ɗakin ganawa ta fi wadda aikin kansa ke bukata wuya.

6.0 A gaban kwamiti

Wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti a Sakkwato ya san amsoshin. Wani zai yi shiru, ya murza hula, ya ce, "Ranka shi daɗe, ni dai in samu abin da za ni riƙe iyayena da ƙannena." A dubi juna, a ba shi maki kaɗan, wai kuɗi ya zo nema. Na bayansa ya shigo da haddar da ya kwaso a intanet ko a shagon da ya cike fom, ya zuba ta da Turanci ba numfashi: yana son bauta wa ƙasarsa, yana son ba da gudummawa ga ci gaban wannan hukuma mai albarka. Kafin azahar an ji wannan jimla sau ashirin, amma ita ke cin maki, don ta yi kama da abin da ke cikin takardar maki.

Ina ganin an juya abin. Amsar farko ita ce mai gaskiya, kuma ilimin halayyar ma'aikata bai raina ta ba. Deci da Ryan (1985) sun bambanta ƙaimin da ke fitowa daga jin daɗin aikin kansa da wanda ke zuwa daga waje, amma sun nuna na wajen ma hawa-hawa ne: akwai na tsoron horo, akwai kuma wanda mutum ya rungume shi ya zama ɓangaren mutuncinsa. Ciyar da iyaye ga Bahaushe a hawa na sama yake, ibada ce kuma rufin asiri ne. A 2017 Menges da Tussing da Wihler da Grant suka buga binciken da suka yi a wani kamfani a Meziko, inda ma'aikata ke aikin tantance takardun rangwame, aiki mai gundura. Sun gano cewa waɗanda ke yi don iyalinsu sun fi ƙwazo, musamman idan aikin kansa ba ya ba su sha'awa. Malamin da za a tura ƙauyen da ba wuta, ko jami'in da zai kwana a shingen kan iyaka cikin hunturu, ranar da sha'awa ta ƙare, tunanin mutanen gida ne zai tashe shi.

Raunin amsar a wani wuri yake. Ta faɗi dalilin son aiki, ba ta faɗi dalilin son wannan aikin ba, kuma kowa a layin yana da iyaye. Abin da ya rage wa mai amsar shi ne ya ɗora labari a kai. Ɗan canjin da ke neman aikin kwastan yana iya cewa: shekara huɗu ina riƙe kuɗin mutane tsakanin Illela da Ƙonni, ban taɓa kwana da lissafi bai daidaita ba, na san direbobin hanyar, ina jin Faransancin kasuwa, kuma ina son aikin da zan yi wannan da albashi da fansho don in riƙe gidanmu. Babu yabon kai a nan. Abin da ya faru ne, kuma ana iya zuwa kasuwa a tambaya. Abin takaici, da yawa daga matasanmu ɓoye irin wannan tarihi suke yi, suna jin kunyar a san mai digiri ya yi kabu-kabu ko dako, alhali shi ne jarinsu mafi tsada a ɗakin.

7.0 Gyaran da ke hannun masu ɗauka

Nauyin gyara ya fi karkata ga kwamiti, don shi ke da wuƙa da nama. Mafi sauƙi shi ne sauya tambayar. Maimakon a ce me ya sa kake son aikin nan, a ce: ba mu labarin wani aiki da ka taɓa yi har ƙarshe ba wanda ya tsaya a kanka. Ko kuma: wace rana ce aiki ya fi ba ka wuya, me ya hana ka bari? Bahaushe gwanin labari ne, kuma ba da labari ba ya karya masa kunya. Nazarin Schmidt da Hunter na 1998, wanda ya tattara binciken shekara 85, ya nuna ganawa mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya da ma'aunin maki a rubuce, ta fi ta kara-zube hasashen yadda mutum zai yi aiki. Irin waɗannan tambayoyi na labari su ne ginshiƙinta.

Sai harshe. Ma'aikacin da za a ajiye a Illela ko Gada ko Gwadabawa da Hausa zai wuni yana aiki, da masu jego da direbobi da makiyaya. A gwada Turancinsa a rubuce, wannan daidai ne. Amma tambayar da ake son jin zuciyar mutum da ita, a bar shi ya amsa da harshen da yake tunani da shi, ko da Sakkwatanci ne tsantsa. Haka kuma ba laifi ba ne a faɗa wa masu neman aiki tun a takardar gayyata irin tambayoyin da za a yi da abin da ake nema da su. Ɓoye dokar wasa 'ya'yan manyan ma'aikata kawai yake amfana, su da aka koya wa ita a gida.

Na ƙarshe shi ne shaida, kuma a nan ake bukatar taka-tsantsan. Wani zai ce ai dama da takardar manya ake samun aiki, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, to me ya rage a ƙara? Ƙorafin na da tushe. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki, zargin ya taɓa har jami'an Hukumar Raba Daidai ta Tarayya. Amma takardar ɗan siyasa da shaidar kawu a rumfar Alhaji ba abu ɗaya ba ne. Kawu ya san yaron, ya ga aikinsa, ya kuma ɗaura wa kansa biyan abin da ya ɓata. Mai ba da takardar alfarma sau da yawa bai taɓa ganin mai ɗauke da ita ba, kuma ko an kama shi da sata ba abin da zai same shi. Fom ɗin garanto da hukumomin kaki ke bayarwa yana iya komawa kusa da na kasuwa idan aka daina fifita muƙamin mai sa hannu, aka karɓi shaidar wanda mutum ya yi wa aiki da gaske, ko sarkin dillalai ne, ko shugaban 'yan kabu-kabu na tasha, ko malamar asibitin da ta koyar da yarinya. A tambaye shi tsawon lokacin da suka yi tare, da mafi girman abin da ya taɓa damƙa masa, da ko zai sake ɗaukar sa, sannan wani daga cikin kwamitin ya ɗaga waya ya kira shi kafin a fitar da sunaye.